Kanwar Shanu Na Sha Don In Yi Ƙiba Bayan Yaye

Lokacin da abin nan ya same ni ban fi shekara ashirin ba, ƙasar ma Dahomey ake ce mata, turawa ba su daɗe da naɗe tabarmarsu ba. Ni 'yar Djougou ce, gidanmu fataken goro ne tun kaka da kakanni, aka kai ni aure Parakou, unguwar Titirou, gidan dillalan shanu. Yarinya ce ni mai jiki, zani na zama mini daram, ga baki, ga son a yaba. Wannan son yabon shi ya kusa kai ni kushewa, kuma ba wanda ya ba ni komai, ni na jiƙa abin da hannuna na sha. Yau na tsufa, na ga gara in faɗa da bakina a shafin nan naku tun da sauran numfashi, ko wata ta tsira.

Haihuwar fari a gida na yi ta wajen Inna mahaifiyata, kamar yadda aka saba. Aka yi wankan jego, aka ɗura mini kunun kanwa da gasasshen nama har kwana arba'in, na koma ɗakina kumatu cike. To daga nan jiki ya fara zubewa. Yarinyar da na haifa Allah ya yi ta da ci, ba ta sakin nono sai barci ya ɗauke ta, ni kuwa kullum sai na ƙara cusa bakin zani. Kafin ta fara rarrafe awarwarona sun soma zamewa har gwiwar hannu, ƙashin wuya ya fito, in na yi daka turmi ɗaya sai na zauna ina haki. Surukata Iya, Allah ya jiƙan ta, ba ta taɓa yi mini gori ba, hanta da romo take ajiye mini. Amma matan unguwa fa? Kai, bakin mutane! Wata maƙwabciyarmu ta tambaye ni a bakin rijiya ko maigidan namu shanu kaɗai ya iya kiwatawa. Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, na koma ɗaki na sha kuka. Wata kuma ta ce in yi haƙuri, aikin nono ne, ranar da na yaye jiki zai dawo da kansa. Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in je asibiti a duba ni ba.

Da yarinyar ta kusa shekara biyu na kai ta Djougou yaye. Inna na ganina ta dafe ƙirji ta yi salati, ta tambaye ni ko yunwa ake yi a Parakou ba a gaya mata ba. Ta rantse ba zan koma ba sai ta ga tsoka a jikina, ta aika wa maigida ya bar ni wata biyu, zuwa bikin ƙanwarsa. Aka shafa wa nono maɗaci, yarinya ta yi kukanta na kwana uku ta haƙura. Inna ta tasa ni gaba da sakwara, da fura da nono, da wake da mai, ina ci ina jiran jikin da aka ce zai dawo da kansa. Wata guda ya wuce, wallahi kamar ana zuba ruwa a kwando. Biki na matsowa, ni kuwa ba abin da nake gani in na rufe ido sai bakin rijiyar nan da matan da ke jirana.

Nan ne shaiɗan ya tuno mini da wani abu da na sha gani a gidan aurena. In an kawo shanu daga daji sun rame da tafiya, akwai dillalan da ke ba su jar kanwa su lasa ana gobe kasuwa. Ƙishirwa ta kama su, a kai su ruwa su sha har su gaji, kafin a shiga kara, inda ake cinikin shanu, sai ka ga saniyar da jiya ake ƙirga haƙarƙarinta ta cika ta yi sumul. Baban maigidana ba ya yarda a yi haka da dabbarsa, yana cewa ha'inci ne, amma na ga ana yi a garken maƙwabta. Na ce a raina ai kanwa ba baƙuwata ba ce, da ita aka yi mini jego na yi kumatu. Na shiga kasuwa na sayo dunƙule biyu na jar kanwa, na ce wa mai sayarwar ragon babanmu za a ba. Na jiƙa a 'yar tukunya na tura ƙarƙashin gado. Safe da yamma in tsiyayi ruwan in rufe ido in shanye, yana ƙona mini maƙogwaro, sannan in bi da ruwan randa moɗa uku, huɗu. Ko Inna ban gaya wa ba.

Kwana goma ba su cika ba aka fara tubarkalla. Fuska ta ciko, ƙashin wuya ya ɓuya, awarwaro suka tsaya inda ake sa su. Inna ta dinga kiran ƙawayenta su zo su ga aikin hannunta, ta ce dama yarinya ba ta ƙiba sai a gaban uwarta. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, na ƙara dunƙule na uku. Amma akwai abubuwan da ni kaɗai na sani. Da safe fatar idona nauyi take yi, da ƙyar nake buɗewa. Fitsari ya ragu duk da ruwan da nake sha. Zoben aurena ya nutse a yatsa har sai da sabulu na cire shi. Wani busasshen tari ya kama ni, kuma in na kai goshi ƙasa a sujada sai numfashi ya tsaya mini a wuya, in ɗago ina ganin duhu. Na gaya wa Inna maganar numfashin kaɗai, ta yi dariya ta ce ƙiba ce ke sauka, haka take yi wa wanda bai saba ba. Wata rana na zauna a tabarma bayan azahar, da na tashi sai na ga saƙar tabarmar ta fito a ƙwaurina layi-layi. Har aka kira la'asar tana nan ba ta goge ba. Na daɗe ina kallonta, sannan na ja zani na rufe, na je na sha na yamma.

Ana saura kwana biyu biki muka kamo hanyar Parakou ni da yarinyar, a bayan kamyo, babbar motar nan mai ɗaukar doya da mutane. Wajen Onklou motar ta tsaya mutane suka sauka shan iska, ni na kasa. Takalmina ya shige cikin ƙafa, sai da wata mata ta taya ni cire shi, na ƙarasa tafiyar ba takalmi. Amma da na shiga gida, jama'a! Guɗa ta tashi. Mata suka kewaye ni, wannan ta taɓa kumatu, waccan ta taɓa dantse. Maƙwabciyar nan ta bakin rijiya ta riƙe haɓa ta ce lallai Djougou da albarka, a ba ta adireshin tukunyar Inna. Maigida ya leƙo ya kalle ni ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Abin da na yi wata biyu ina nema ke nan, na samu, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa har cikin raina, alhali ƙirjina na bugawa kamar ana daka a ciki.

Sai Iya ta kai ni zaure in gaida Baba, surukina. Tsoho ne da ya yi shekara arba'in yana shafa bayan shanu a kara, ba shi da yawan magana. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, na zo tashi ƙafa ta ƙi. Na dafa ƙasa, na sake yunƙurawa, tari ya sarƙe ni. Baba bai ce sannu ba, bai ce tubarkalla ba, kallon ƙafafuna kawai yake yi. Can ya ce wa Iya ta sa babban yatsanta a ƙwaurina ta danna, ta ƙirga goma, ta ɗaga. Ta yi. Rami ya zauna a wurin, zururu, kamar an danna tuwo mai ɗumi, ya ƙi tasowa. Baba ya yi salati a hankali. Ya ce wannan ba tsoka ba ce, ruwa ne, duk gidan nan kallon kitse ake yi wa rogo. Ya ce ya sha ganin dabbar da ta cika irin haka, kuma bai taɓa ganin wadda ta kai kasuwa ta biyu ba. Sannan ya juyo gare ni, ya kira ni 'yata, ya tambaye ni wa ya ba ni kanwa. Ban san ta ina ya gane ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, na fashe da kuka na gaya masa komai. Bai yi mini faɗa ba, ya aika a kira ɗansa, ya ce a bar zancen biki, a nemo mota yanzu yanzu.

Bikin da na kumbura kaina dominsa a gadon asibiti na ji labarinsa. A zaune na yi kwanakin farko, an tara mini matasai a baya, don in na kwanta ruwan ƙirjina shaƙe ni yake yi. Lokotoron, wato likitan da ya duba ni, yana Faransanci wata ma'aikaciya tana juya mini. Ya ce ramar nan da hakin da na yi shekara biyu ina ɗora wa nono, ba nono kaɗai ba ne. Jinina ya yi ƙasa, zuciyata kuma ta raunana tun bayan haihuwa, da na zo da wuri da magani da abinci sun isa. Gishirin kanwar shi ya tara ruwa ya danne zuciyar da dama da ƙyar take aiki. Ya ce da na ƙara mako guda, da gawata za a kawo masa. Aka ba ni ƙwayoyin da suka sa na dinga fitsari ba tsayawa, ƙibar tawa ta bi ta tukunyar fitsari ta ƙarƙashin gadon asibiti ta tafi cikin kwana takwas. Na fito na fi da can rama, fata ta saki. Garin neman ƙiba na samo rama, har da abin da ya fi rama.

Ranar sallama lokotoron ya kira maigida ya faɗa mana tare: ba gishiri, ba daka, ba ɗaukar kaya, kuma zuciyar nan ba za ta ƙara ɗaukar ciki ba, in na gwada a bakin raina. Maigida ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, kuma har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da maganar ba. Inna ta zo daga Djougou tana kuka tana cewa ita ta kashe ni da tubarkalla, na ce mata ba ruwanta. Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya karya ni shi ne ranar da na dawo gida, yarinyar ta rugo ta zagayo bayana, ta kama zanina tana tsalle in goya ta. Da can kunyar 'yar fari ta sa ba na goyonta a gaban mutane, sai in miƙa wa Iya, ina cewa ai akwai lokaci, akwai ƙanne masu zuwa. Na durƙusa zan ɗauke ta, Iya ta riƙe mini kafaɗa ta girgiza kai. Yarinyar ta yi ta kuka tana dukan bayana da hannunta, har aka ɗauke ta aka fita da ita.

Abin da na koya na koye shi da tsada. Jikin mai shayarwa yana hawa yana sauka, wata ta rame, wata ta yi ƙiba, kuma bayan yaye ba a yi masa gaggawa. Amma ramar da ta zo da haki da jiri ba ta zaman jiran yaye ba ce, ta zuwa asibiti ce. Ƙibar da ta sauko cikin kwana goma kuwa, ku ji tsoronta, ku danna ƙwauri ku gani kafin ku yi guɗa. Ina jin yanzu har ƙwayoyi 'yan mata ke saye a kasuwa don jiki ya ciko, wasu kuma don ya zube, kuma duk saboda bakin wata ne. Ku iyaye da maƙwabta, ku ji tsoron Allah a kan jikin mai goyo, ba ku san me wasanku zai sa ta sha a ɓoye ba. Maƙwabciyar da ta sa aka yi mini dariya a bakin rijiya ta haifi tara, ta mutu ba ta ma san abin da maganarta ta jawo ba. Ni ɗaya tak na samu, kuma na gode wa Allah da ya bar mini ita. Yanzu ta ba ni jikoki shida. Duk wanda aka haifa, a zaune ake miƙo mini shi, in riƙe shi kaɗan a cinya, sannan a karɓa a ba wata ta goya.