Ranar da Manaja Ya Nemi a Faɗa Masa Aibinsa

Har yau in na ji wani babba ya ce "ku faɗa mini gaskiya, ba zan ji haushi ba," sai raina ya ɓaci. Na taɓa jin wannan magana a gidan sarin atamfa da na yi aiki a unguwar Zongo, kuma na ga abin da ta jawo wa kawuna.

Kawu ne ya samo mini aikin. Wan mahaifiyata ne, mutumin Konni, kuma shi ke tuƙa kamiyo, babbar motar kayan gidan, tun ina 'yar ƙarama. Ya kai diloli kasuwar Rood Woko, ya rarraba wa masu shaguna a unguwar Tampouy, wani lokaci ya yi nisa har bakin iyaka. Da motar nan yake ciyar da gidansa. Ni kuwa aikina jera atamfa da shadda da yanka wa masu saye.

Mai gidan, wani Alhaji Bakano, mutum ne mai zafi, amma gaskiya tana da hanyar isa kunnensa. Yana da aboki Bazazzagi mai sayar da goro, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. In abu ya dame mu, mai goro ake kai wa kuka. Bayan la'asar sai ya jingine babur ɗinsa a ƙofa ya shigo yana ɗaga murya: "Kai bawana, an ce kana riƙe mutane har su makara Juma'a. Kai za ka ɗauki zunubinsu?" Alhaji ya rama da zagi, a yi dariya, washegari abin ya gyaru. Ba wanda ya san bakin da maganar ta fito, ba wanda ya ji kunya.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da Alhaji a gida, ɗansa ya karɓi ragama, ya ce a riƙa kiransa Manaja. Ba a jima ba ya tafi wani kwas na shugabanci a otal. Ya dawo da sabon baki: kullum "sanin kai," kullum "shugaba na gaskiya." Abu na farko da ya yi shi ne ya ce mai goro ya daina kawo ƙorafin kowa. Wai gulma ce aka sa wa rigar wasa.

Sai ya kira taro. Ya sa aka jera kujeru da'ira a tsakiyar ma'ajiya, ya zauna a cikinmu har da cire hula.

"Yau babu Manaja, babu yaro," in ji shi. "So nake in san kaina. Kowa ya faɗa mini aibina ido da ido. Wallahi ba abin da zai biyo baya."

Mu 'yan Zongo ba yau aka haife mu ba. Wani ya ce aibinsa ba ya hutawa. Wata ta ce kirkinsa ne ya yi yawa. Yana gyaɗa kai kamar mai shan magani mai ɗaci. Amma Kawu mutum ne da in ya ji an ce wallahi, shi ke nan magana ta ƙare. Ya gyara murya.

"Tunda ka rantse, ɗana, zan faɗa. Ba ka gaisuwa. Ka shigo da safe da waya a kunne, ka wuce mu kamar ka wuce diloli. Matata ta rasu, gidana ga shi nan bayan masallaci, saƙon waya ka turo mini, da faransanci ma. Mahaifinka da sandarsa ya zo ya zauna a kan tabarma."

Na ga jijiyar wuyan Manaja ta tashi, sannan murmushi ya biyo baya. Ya tafa, ya yi godiya da faransanci, ya ce, "Marsi, Baba! Abin da nake nema ke nan." Ya rungume Kawu, ya sa aka ɗauke su hoto.

Da ma korarsa ya yi a ranar, da na fi ganin girmansa. A'a. Da farko aka hana Kawu tafiya mai nisa, wai don lafiyarsa. Sai aka kawo sabon direba, wai ya taya shi. Wata safiya Kawu ya miƙa hannu kan ƙusar da ake rataye makullin mota, babu makulli. Ba wanda ya ce masa tafi. Ya riƙa zuwa yana zama a benci, yana kallon wani na fita da motarsa, har kunya ta hana shi zuwa.

Na je wa mai goro da kuka. Ya sa hularsa, ya tafi wurin Manaja ya gwada ta tsohuwar hanyar wasa. Da ya fito sai ya girgiza kai ya ce mini, "'Yata, na zage shi, ya ce mini marsi. Wai ƙofarsa a buɗe take, in kawunki na da magana ya zo ido da ido. To ido da idon ne ya kai shi inda yake."

Yanzu Kawu babur mai ƙafa uku yake ja na haya, yana ɗaukar tsakuwa daga unguwar Pissy, da furfurarsa da ciwon bayansa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Manaja ya mai da labarin abin ado. Duk taron 'yan kasuwa da aka ba shi magana sai ya nuna hoton nan, ya ce wani tsohon direba ya faɗa masa gaskiya kuma tun ranar ya san kansa. A tafa masa. Ba wanda ya taɓa tambayar ina direban yake.

Kuma gaskiya ne, ya koyi gaisuwa. Har mai shara yake gaisarwa da ƙarfi, don kowa ya ji.

Wata safiya Kawu ya biyo ta ƙofar gidan da lodin tsakuwa, ƙurar dutse ta yi masa fari har gira. Sabon direba na tsaye yana kaɗa makullin kamiyo a yatsa. Manaja ya fito da sauri, ya tsai da Kawu, ya dafa ƙirji har da rusunawa.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Ya aiki?"

"Aiki da godiya," in ji Kawu. Ya dubi makullin sau ɗaya, ya ja babur ɗinsa ya wuce.

Manaja ya juyo gare ni fuskarsa fal da murna.

"Kin gani ko? Na canza."

Na ajiye almakashin da nake riƙe da shi a hankali, don ban yarda da hannuna ba.