Jirgin Kaka a banɗaki

Ku yi haƙuri da ƙarambanina, ban saba rubutu a nan ba.

Yayata, Ya Falmata, mai koyon aikin lantarki, ta kashe wutar gidanmu na Galtimari, ta haɗa sabuwar fankar zuƙe iska da wayar fitilar banɗaki. Tun da yaƙi ya koro Kaka da 'yan uwa daga ƙauye muka yi yawa, banɗakin ba ya bushewa, kakarmu kuma tana tari.

Da aka gama, Kaka ta kunna fitila, fankar ta yi ƙugi. Sai ta durƙusa ta rufe kanta, ta ɗauka jirgin yaƙi ne. Ta rantse ba za ta sake shiga ba.

Ya Falmata ta kama yatsanta ta ɗora a makunnin.

"Kaka, danna." Ƙugin ya tsaya. "Sake dannawa." Ya dawo. "Kin gani? Wannan jirgin ke ce direbansa."

Kaka ta harare ta. "Ja'ira. To matsa, direba za ta yi wanka."

Ban san ana gyara tsoro da wayar wuta ba sai ranar. Ku kun taɓa ganin irin haka? Kuma ko kun yarda in sake rubutawa?