Katakon Reluwe a Lambun Meram

Dunoma ya yi shekara ashirin da shida yana aikin gyaran layin dogo a Nguru. Aikinsa shi ne cire katakon da ya gaji daga ƙarƙashin ƙarfe, a sa wani. Katako ne mai kauri, wanda aka jiƙa da baƙin mai don kada gara ta ci shi, kuma sai mutum biyu ke iya ɗaga guda ɗaya. Idan Dunoma ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar diga, daga ƙarar yake gane ko cikinsa ya ruɓe.

Da jirgi ya daina zuwa kamar da, aka sallame shi da abokan aikinsa. Ya gwada sayar da busasshen kifi a kasuwa, bai iya ciniki ba, ya bari. Ya koma zaman ƙofar gida, yana gyara wa maƙwabta ƙyaure da benci.

Ƙanwarsa Meram ta yi aure a Gashuwa. Mijinta ya rasu ya bar mata lambu a gaɓar kogi, inda take noman albasa da tattasai da alayyahu. Kowace damina ruwa sai ya gutsiri gaɓar ya tafi da ita. Da Dunoma ya je gaishe ta, ta kai shi ta nuna masa.

"Yaya, can inda ruwa yake, nan ne bishiyar gwaibarmu take da. Bara ta faɗa. Buhunan yashi na jera, rana ta cinye su."

Ya sauka gaɓar, ya auna ta da taku, ya murza ƙasar a hannu. Da ya koma Nguru ya je wurin Zakir, tsohon abokin aikinsa, wanda ya sayi tarin tsofaffin katakon a gwanjo yana sayar wa masu rumfa. Kwana biyu Dunoma ya yi yana ƙwanƙwasawa yana warewa, har ya zaɓi arba'in. Motar da ta kawo albasa ita ta koma da su Gashuwa.

Aikin ya ci sati uku. Shi da ma'aikatan lambun biyu suka haƙa ramuka masu zurfi, suka kafa wasu katakon a tsaye, suka jera sauran a kwance a bayansu, ɗaya kan ɗaya. Dunoma ya sa aka ɗan kishingiɗar da bangon ya jingina da gaɓa. Ya zuba tsakuwa a baya, ya bar 'yan kafofi tsakanin katako don ruwan sama ya samu hanyar fita. Masu lambun kusa suka riƙa zuwa kallo, wasu suna cewa wahalar banza ce.

Ana gab da gamawa Radiyya, 'yar Meram, ta zo hutu daga makarantar koyon aikin gona. Da rana ta yi zafi ta ga mai yana tsattsafowa daga katakon, ta shinshina. Sai da suka zauna cin abinci ta yi magana.

"Kawu, man nan guba ne. Idan ya shiga ƙasa, kayan miyar da ke kusa za su iya sha."

"Shekara nawa ina riƙe shi da hannuna, me ya same ni?"

"Kai riƙewa ka yi, Kawu. Wannan ci za a yi."

Ransa ya ɓaci. Ya ajiye cokali ya tashi, ya yini bai kula kowa ba. Meram ta yi wa 'yarta faɗa, ta ce ba a yi wa babba haka. Amma washegari da sassafe suka tarar da shi a lambu yana tone ƙasar da suka riga suka cike. Ya ce ya tuna ko ciyawa ba ta son tsirowa a gindin sabon katako a kan layi.

Suka shimfiɗa leda mai kauri a bayan bangon kafin su mayar da ƙasa. Radiyya ta ja layi, taku uku daga katakon, ta ce kada a shuka abin ci a nan. Meram ta yi ƙorafin filin da ta rasa, daga baya ta dasa fulawa a wurin, ta bar 'yar hanya ta wucewa da baro.

A shekara ta biyu aka yi babbar ambaliya. Ruwa ya haura bangon, ya kwana tara a cikin lambun, ya kashe duk abin da aka shuka. Da ya janye, katako shida na ƙarshen gabas sun tafi, sauran suna nan, ƙasar lambun ma tana nan. Maƙwabcin Meram, Dauda, ya rasa kusan rabin nasa.

Wajen gyaran wannan ɓaraka ne Dunoma ya sunkuya zai ɗaga katako, bayansa ya riƙe. Ya yi wata biyu a kwance a gidan Meram, tana gasa masa da ruwan zafi. Tun daga nan bai sake ɗaukar abu mai nauyi ba.

Dauda ne ya fara zuwa neman a yi masa irin bangon, wasu suka biyo baya. Yanzu Dunoma ya fi zama a Gashuwa fiye da Nguru. Ana kai masa kujera bakin gaɓa, ya zauna da sandarsa yana nuna inda za a haƙa. Tsohon katakon ya yi wuyar samu, don haka wani lokaci sabo ake sayowa a shafa masa magani. Duk wanda ya ƙi sayen leda, Dunoma ba ya karɓar aikinsa.