Ƙeyar Baba a Cikin Akwati

Tun da aka fara binne mutane a duniya, ba a yi mai gadin kabari da ya kai akwatin tele na ɗakin Inna tsauri ba. Ba ya jin magiya, bai san ɗan gida ba.

A Gazawa muke, farantinsa mai kamo tashoshi na kafe a kan katanga. Ni malamin lakol ne, irin waɗanda ake kira Mushe, na shekara ina gaya wa 'yan aji tele ɓata lokaci ce, har ranar da Baba ya tafi Maradi kallon kokawa. Muna kallo a gida, na sa akwatin yana ɗauka a 'yar kile, filashin da ke soke a jikinsa, sai kyamara ta bi ta kan taro. Inna ta yi salati. Ga ƙeyarsa, ga farar hularsa ta karkace, ya ɗaga hannu. Da ya dawo muka nuna masa, ya ce, "To, madalla."

Bayan rasuwarsa, kowace Juma'a da la'asar sai na kunna wa Inna wurin. Ba ta kuka. Takan dai ce, "Har ya tafi bai gyara hular nan ba." Daga nan na daina zagin tele a aji.

Da akwatin ya fara ɗaukewa yana dawowa, tsoro ya kama ni. Na zare 'yar kilen da hoton yake ciki, na kai wa mai gyara a kasuwar Agiye ya juye mini a waya.

"Mushe, wannan a kulle yake. Akwatin da ya ɗauke shi kaɗai yake buɗe wa."

"Ubana ne fa a ciki."

"Allah ya jiƙansa. Amma ƙeyar ta kamfani ce."

Kwamfutar buro, ofishin lakol ɗinmu, ita ma ta ce ba ta san shi ba. Na ɗauki fuskar tele da waya, hular ta fito kamar hayaƙi. Inna ta duba, ta ture hannuna: "Kai ma dai! Wannan ai fatalwa ce."

Damina ta zo, tsawa ta ƙone akwatin. Kilen tana aljihuna har yau, kuma nakan ji kamar Baba yana nan ciki, hannu a sama, ba mai gani.

Bara na kai kukana wurin amininsa da suka yi tafiyar tare. Sai tsohon ya faɗa mini gaskiya. Ashe ranar motarsu a Agiye ta lalace, ba su kai Maradi ba. A rediyon mai shayi suka ji kokawar.