Taurin Badaru da Bindigar Ƙusa

Badaru kafinta ɗan tauri ne, kuma duk Konni an sani, don shi da bakinsa yake faɗa. Tun yana yaro kakansa ya ba shi maganin ƙarfe ya sha, wuƙa ba ta kama shi.

A 1994 ya dawo daga ci-rani a Abijan da bindigar ƙusa mai aiki da iska. Ranar da ƙusa ta maƙale a bakinta, maƙwabcinsa Illo mai walda ya ce, "Malam Badaru, cire tiyon iskar tukuna."

Badaru ya ce, "Ni? Ƙarfe ya san ni."

Ya sa hannu yana zaƙulowa, sai ji aka yi tas! Ƙusa ta haɗa tafin hannunsa da ƙyauren da yake haɗawa. Tare da ƙyauren aka ɗora shi a amalanke zuwa asibiti.

Bai taɓa yarda maganin ya karye ba. Cewa yake kakansa bai san wannan bindiga ba, shi ya sa bai sa ta ciki ba. Duk salla yana goga wuƙa a cikinsa gaban jama'a. Amma tiyo, sai ya cire.