Yadda Na Koya wa Surukina Yi Mini Tsawa

Karatu na zo yi Masar, kada wani ya ga zarto a hannuna ya zaci da shi aka haife ni. Shekara biyu ina kokawa da nahawu yana kayar da ni, a ta uku malamin ya dube ni da tausayi ya ce in gwada wani abin. Na fito ƙofar makaranta na ɗaga kai sama zan kai ƙara, sai na hangi wani mutum a kan dabino yana sare ganye yana waƙa. Na ce to, amsa ta zo da wuri. Tun daga ranar nake yi wa itatuwan Alƙahira aski, yau shekara talatin da wani abu. In mutanen gida suka tambayi sana'ata nakan ce wanzami ne ni, sai dai waɗanda nake yi wa askin ba sa motsi, ba sa kawo tsegumi.

Yanzu gwiwa ta yi ritaya ba tare da ta shawarce ni ba. Na daina hawa, na koma mutumin ƙasa: ni ke riƙe igiya, ni ke korar masu wucewa, ni ke janye reshen da aka saro. Mai gidanmu a aikin wani Bamisire ne mutumin kudu, mai gashin baki kamar tsintsiya, muna kiransa Mu'allim. Shi ke samo mana aiki a gidajen manya na Zamalek, inda itace ɗaya ya fi ni gata.

'Yata ta fari tana aure a nan Giza, layi biyu tsakaninmu. Mijinta ɗan ƙasarmu ne, ya yi karatun fiƙihu har ya ƙure shi, kowa Ustazu yake ce masa, ni ma haka. Suna da yarinya 'yar shekara huɗu wadda ta ɗauki gemuna a matsayin kayan wasanta. Da karatun Ustazu ya ƙare, tallafin da ake ba shi ma ya ƙare. Ya nemi aiki wata da watanni bai samu ba. Wata rana na shiga gidansu na tarar da akwatuna biyu a buɗe a tsakar ɗaki, 'yata tana naɗe zannuwa ba ta ko ɗago kai. Ta ce in wata mai zuwa ya kama babu aiki, gida za su koma.

Na dubi jikata, ta dube ni, ta ja gemun. Na ce a raina, wannan yarinya ba za ta hau jirgi ba, ko da zan ɗora fiƙihu a kan itace.

Washegari na sami Mu'allim. Ya ce yana neman mai hawa, tunda na tsufa na zama buhu. Ya ba ni wata ɗaya in koya wa Ustazu, sannan ya gwada shi da idonsa. In ya yi, khalas, ya shiga. In bai yi ba, ma'alish.

Ustazu ya karɓi maganar a tsugune, takalmansa a gefe, idonsa a ƙasa, kamar yadda yake karɓar kowace maganata tun ranar da aka ɗaura aure. A lokacin abin ya burge ni. Ban san wannan tsugunon ne zai nemi ya kashe ni ba.

Muka fara da kaya. Ɗalibai kan tare ni a masallaci su tambaye ni me ake buƙata, to ga shi kyauta. Ana buƙatar ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, wadda mutum zai zauna a cikinta kamar jariri a goyo. Ana buƙatar ƙugiyoyin ƙarfe masu kulle, da hular kwano, da tabarau don garin katako, da takalmi mai tauri. Sai igiya. Nan ne ake mutuwa. Ustazu ya je kasuwar Ataba shi kaɗai don ya rage mini wahala, ya dawo da igiya shuɗiya kyakkyawa, yana murna ya same ta da araha. Na juya ta, na shinshina, na miƙa wa matata Hajiya. Har yau a kanta muke shanya. Igiyar hawa daban take, tana da tsada, kuma ba a sayen wadda wani ya yi amfani da ita, domin igiya ba ta ba da labarin abin da ya same ta. Muka koma tare muka sayo ta gaske. Mai shagon ya rantse da 'ya'yansa cewa faɗuwa yake yi a cinikin, na ce gara shi ya faɗi a shago da surukina ya faɗi daga sama.

Game da kuɗin aiki kuwa, kullum ake biya, su ce yaumiyya. Na sama ya fi na ƙasa samu nesa ba kusa ba, saboda shi ke da nisan faɗuwa. Lokacin sanyi aiki ya yi yawa, lokacin zafi a yi ta hamma. In matar gidan ta ji daɗin askin, takan aiko da shayi da ɗan abin sawa a aljihu. In ka sare reshen da take rataya lilon jikokinta, ko ruwa ba za ka gani ba. Ba a yin arziki, amma ana biyan haya ana cin dafaffen waken ful da burodi, wani lokaci har da ƙwai.

Koyon ya tafi lafiya har ya ba ni haushi. Ƙullin da na yi wata uku ina koyo, Ustazu ya iya shi kafin la'asar. Na ce masa ba a taɓa zama a sama da maɗauri ɗaya lokacin yanka, sai biyu, ya rubuta. Na ce a ƙwanƙwasa reshe a ji ko rami ne cikinsa kafin a amince masa, ya rubuta. Na ce a fara yanka reshe ta ƙasa kaɗan sannan a gama ta sama, don kada ya ɓare fatar itacen, ya rubuta har da zane. Na ce a duba wayar lantarki kafin a duba komai. Mutumin da ya haddace littattafai masu kauri kamar bulo, me ƙulli zai yi masa? Ga shi siriri, ba ya jin tsoron sama. A mako na biyu yana yawo a kan mangwaron wani maƙwabcinmu kamar can aka yanke masa cibi.

Saura abu guda. A wannan aiki na sama ba ya sakin komai sai ya yi ihu, na ƙasa ya amsa. Ba sallama ba ce, ba gaisuwa ba ce, tsawa ce, irin wadda ake yi wa akuya ta shiga rumfar mai kayan miya. Misirawa kan ce “Hasib!”, wato yi hattara, da ƙarfin da tantabarun unguwa za su tashi.

Ranar farko da zai saki reshe ina tsaye a ƙasa, sai na ji murya daga sama, a hankali kamar mai neman aron gishiri.

“Baba, Allah ya ƙara girma. In babu damuwa, akwai wani ɗan reshe da nake ganin kamar…”

Reshen ya riga maganar isowa. Ya wuce ta gefen kunnena ya tafi da hulata.

Na ce, “Ustazu, me ya hana ka ihu?”

“Baba, ai ba zan iya ɗaga maka murya ba. Ga shi ma ina saman kanka, wannan kaɗai ya ishe ni kunya.”

“To da ka kashe ni fa?”

“Allah ya kiyaye, Baba.”

“Ya kiyaye ɗin, amma kai ya ba wa maƙogwaro.”

Na sayo masa usur. Ya riƙe shi kamar garwashi, ya ce ai wannan ya fi muni, sai ka ce ɗan sanda ya tsare ƙaramar bas ta haya. Na ce ya rufe ido ya ɗauka Mu'allim ne a ƙasa. Ya ce ba a rufe ido da zarto a hannu, ni na koya masa. Na sa wani abokin aikinmu ya tsaya a ƙasa, sai ga Ustazu yana tsawa har da kumfar baki, ashe muryar na nan. Ina dawowa ta koma cikin rami. Kuma ba yadda za a yi a canza ni, domin mu huɗu ne kawai a ƙungiyar, biyun suna wajen mota da lodi, na ƙasa ni ne.

Da abin ya ishe ni na shiga masa ta fanninsa. Na gyara zama, na ce, “Ustazu, a ɗan karatun da na yi kafin nahawu ya kore ni, na ji kamar tsare rai yana gaba da ladabi. Ko na ji ba daidai ba?” Fuskarsa ta yi haske. Ya ce daidai ne ƙwarai. Ya kawo mini hujja biyar, ya faɗi inda malamai suka yi saɓani da inda suka haɗu, ya rufe da cewa yi mini tsawa a wannan hali wajibi ne a kansa. Na ce alhamdu lillahi. Washegari ya hau itace ya ce, “Baba, gafara dai, in ka sami sarari…”

Hajiya ta ce ni na jawo, shekara biyar ina jin daɗin tsugunon ina baza riga, yanzu in sha.

Ranar gwaji ta zo. Wani gida ne a Zamalek mai katanga fari, da wani dogon itacen turare, wanda su ke kira kafur, ya miƙa hannu kan rumfar motoci. Kafur mugun itace ne, reshensa kan karye ba gargaɗi. Mu'allim ya sa aka kawo masa kujera da shayi ya zauna. Ustazu ya yi bisimilla ya hau. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗaure biyu, ya yanka ƙasa, ya gama sama. Kowane reshe sai ya leƙo ya tabbata na yi nisa, sannan ya sake shi shiru kamar mai ajiye ƙwai.

Mu'allim ya yafito ni. Ya ce, “Ya Hajji, hannunsa tamam. Amma bebe ne? Bebe a kan itace kabari yake haƙa wa mutane. Saura reshe ɗaya. In ban ji muryarsa ba, ka kai shi masallaci ya yi limanci.”

Na tuna akwatunan nan biyu. Abin da na yi bayan haka, duk wanda ya karanta kada ya kwaikwaya, wauta ce tsantsa, kuma da wani ya yi a gabana da na kore shi daga aikin. Na ɗauki kofin shayina, na taka na tsaya daidai ƙarƙashin reshen, na juya baya, na hau naɗe igiya. Lissafina shi ne bai soma yankan ba, zai yi ta rarrashi, ni kuma in yi kunnen ƙashi har ya gaji ya ɗaga murya. Ban san ya riga ya ci rabin reshen ba.

“Baba.”

Na kurɓi shayi.

“Baba, salamu alaikum.”

Na ajiye kofin a ƙasa, na ci gaba da naɗi, har da ɗan waƙe-waƙe.

Sai iska ta taso daga kogi. Na ji ƙara a sama, ƙaƙas, irin wadda na sani shekara talatin. Kafin ƙafata ta yanke shawara, wata murya ta faɗo mini a ka, wadda ban taɓa ji ba duk zamana da shi.

“Kai tsoho! Kauce! Kurma ne kai? Kauce, na ce!”

Gwiwar da ta yi ritaya ta dawo aiki nan take. Na yi tsalle ɗaya na faɗa cikin furannin matar gidan, fuska a taki. Reshen ya sauka inda nake tsaye. Kofin shayin, Allah ya jiƙansa, ko gutsurensa ba mu samu ba.

Mu'allim ya yi dariya har ya ƙware. Ya zo ya ɗaga ni, ya kakkaɓe ni, ya zage ni da Larabci zagi mai kyau saboda tsayawar da na yi, na kuma karɓa don na cancanta. Sannan ya ɗaga kai ya ce, “Ya Ustaz! Asabar da safe. Yalla, sauko.”

Ustazu ya ƙi saukowa. Ya rungume itacen ya juya mana baya. Mu'allim ya yi kira, na yi kira, mai gadin gidan ma ya sa baki. Daga can sai muka ji yana cewa shi da wane ido zai dube ni. Na ce da wanda ya ga reshen. Ya ƙara ƙanƙame itacen. Sai da na kira 'yata a waya, na ɗaga wayar sama na buɗe murya, ta ce masa, “Malam, in ka gama zama a can, ka biyo da burodi, kuma ka zo ka ɗora akwatunan nan a kan kabad, sun tare mini hanya.” Sannan muka ga igiya ta motsa.

Yana taɓa ƙasa ya kwance takalman aiki, masu igiya har ƙauri, ya tsuguna da ɗamararsa da hular kwanonsa, ƙugiyoyi suna ƙara. Ya ba ni haƙuri a nan, ya ba ni a jirgin ƙasa na metro, ya aiko abokinsa da daddawa da turare ya ƙara ba ni. Na ce na yafe “tsoho”, gaskiya ce. “Kurma” ɗin ne nake nazari a kai.

Yanzu mun daidaita. In yana sama ya yi mini tsawa son ransa, har na lura ya soma ƙara wasu kalmomin da ban koya masa ba. In ya sauko ya tsuguna. Ban san wanda ya kai labarin gida ba, ina zargin Hajiya. Jiya na je gidansu na zauna a bakin ƙofa ina cire takalmi, sai ga jikata ta taho a guje da kekenta mai ƙafa uku, ta ƙwala ihu tun daga ƙuryar ɗaki:

“Kai tsoho, kauce!”

Na kauce.