Ranar da Na Juya wa Teku Baya

Ranar Asabar ta farko a sabuwar shekara, ina aji huɗu a firamare, jirgin Legas ya sauke mu a tashar Kafanchan da hantsi, ni da Baba. Mun tafi mu uku, mun dawo mu biyu. Ƙafafuna sun kumbura saboda zaman kwana biyu a kan benci, rigar Kirsimetina ta yi dauɗa, ina rungume da burodin Legas da ya riga ya lotse. Mama na tsaye wajen masu sayar da rake da lemo, goye da autanmu. Na zuba mata ido ina jira ta leƙa bayanmu ta ce ina Rifkatu. Ba ta leƙa ba. Ta karɓi jakar Baba, ta shafa kaina, ta ce da yare, "Laraba, kin rame." A nan na gane da saninta aka yi komai, kuma daga tasha har gida ban yarda ta riƙe mini hannu ba.

Rifkatu yayata ce, shekara ɗaya da 'yan watanni ne tsakaninmu, har baƙi kan ɗauka tagwaye ne. Yadi ɗaya Mama ke yanka mana, katifar ciyawa ɗaya muke kwana a kai, kwano ɗaya muke sa hannu. Baba ma'aikacin reluwe ne, aikinsa bin ƙafafun jirgi da guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Mama kuwa gonar citta take yi a bayan gari, kuma mu ne ma'aikatanta. Da an rufe makaranta a watan Disamba sai tono. Mu kwaso cittar a kwando, mu zauna a kan fa muna tsaga ta da wuƙa muna shanyawa, yajinta na shiga duk inda wuƙar ta taɓa yatsa. Rifkatu ba ta iya aiki baki rufe ba. Ko dai tana waƙar Sande sukul, ko tana kwaikwayon yadda hedimasta ke tafiya, ko tana zagin cittar kanta. Ni kuwa miskila ce tun ina ƙarama, kuma waɗanda na koyar a aji za su gaya muku har yau ban warke ba. Ita ke magana a madadinmu mu biyu, ni ina gefe ina dariya a ciki. In za a surfa acca, taɓarya biyu ake ɗaukowa, mu yi ta lugude har maƙwabta su ce yaran gidan mai guduma sun fara.

A shekarar nan Baba ya karɓo fas ɗin hawa jirgi kyauta da ake ba ma'aikata, ya ce za mu yi Kirsimeti wurin ƙanwarsa Anti Saratu, wadda ke auren soja a wani bariki a Legas. Shekara goma da aurenta Allah bai ba ta haihuwa ba. Kai, mun yi tsalle! Babban ruwan da muka taɓa gani a duniya shi ne na Matsirga, inda aka kai mu sau ɗaya daga coci, muka dawo muna cika wa yara baki. Yanzu kuma an ce teku. A jirgi Rifkatu ta kwashe rabin hanya kanta a waje ta taga, ni ina riƙe da bayan rigarta kada ta faɗa.

Washegarin isarmu da safe ina wanke kwanuka a famfon bayan kicin, sai na ji Baba da Anti suna magana da yare ta taga. Anti tana cewa ita ba ta son ta raba yaro da uwarsa yana kuka. Baba ya ce, "Shi ya sa na kawo miki su duka biyu. Ki zaga da su gari, ki duba da kanki. Wadda ta sake da wurin, ita za ki riƙe." Na tsaya ruwa na zuba a ƙafata, ina tunanin Mama, da ƙanshin zanenta, da autanmu da ya fara rarrafe. Rifkatu tana ɗaki a lokacin tana gwada takalman Anti. Taku goma ne tsakaninmu, da na shiga na gaya mata. Ban shiga ba. Na lissafa abin sarai da kaina na 'yar shekara tara: in ta sani, ita ma za ta ɓata rai, sai a rasa wadda za a zaɓa, ƙila a ɗauke ni tunda ni ce ba ta da hayaniya. Sai na ja bakina na yi shiru.

Daga ranar na zama abin da Anti ta riƙa kira "wannan 'yar ƙauyen". Aka kawo shinkafa da kifi, na ce wari yake mini, alhali yawuna ya tsinke. Aka sa mu a doguwar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa da mutane ke lilo a ƙofarta, muka hau gadar da ke bi ta kan ruwa kamar ba za ta ƙare ba, na sa kaina a cinya na ce jiri nake ji. Aka kai mu gidan tarihi, na tsaya a bakin ƙofa na ce gumaka ne, malamin Sande sukul ya hana. Aka nuna mana ƙaton gidan wasa mai kama da hular soja, da jiragen ruwa da suka fi cocinmu tsawo, da benen da sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensa. Duk da wutsiyar ido na gan su. Rifkatu kuwa sai "Anti, mene ne wancan?", "Anti, mu shiga!" Kafin kwana huɗu ta iya gaisuwa da Yarbanci, masu shagon bariki sun san sunanta. Duk dariyar da ta yi sai in ji sanyi a raina, in kuma ji kunya ta rufe ni.

Washegarin Kirsimeti aka kai mu bakin teku. Tun daga inda bas ta tsaya nake jin wani irin ruri, na ɗauka jirgin kaya ne ke wucewa. Mutane maƙil, ana kiɗa, ana fasa kwakwa, masu hoto na bin mutane, masu dawakin haya na ta zagaye. Can gefe wasu masu fararen riguna ba takalmi suna kaɗa ƙararrawa suna addu'a. Muka haura tudun yashi, sai ga shi. Yesu! Ban san akwai abin da ido zai bi ya rasa ƙarshensa ba. Na manta da Anti, na manta da shirina, na cire silifas na taka har inda yashi ya jiƙe. Ruwan ya taso da farin kumfa ya rufe mini idon sawu, da zai koma ya janye yashin da ke ƙarƙashin dugadugaina, na ji kamar ƙasar ce ke tafiya da ni. Gaskiya ban taɓa son wani abu farat ɗaya kamar yadda na so ruwan nan ba. Dariya ta taso mini har maƙogwaro. Na waiwaya in kira Rifkatu, sai idona ya faɗa cikin na Anti. Tana tsaye da jaka a hammata tana kallona, tana murmushi.

Na kurma ihu. Na ruga da gudu na faɗi a yashi ina birgima, ina cewa ruwan zai cinye ni, a mayar da ni wurin Mamana. Mutane suka taru suna dariya, wata mai sayar da gyaɗa ta ce wani abu da Yarbanci aka ƙara fashewa. Baba ya ɗaga ni yana cewa na ba shi kunya. Na je bayan wata rumfar ganyen kwakwa na zauna, na juya wa teku baya, na ƙura wa tayar wata mota ido. Haka na zauna tun azahar har rana ta yi sanyi. Ina jin rurin ruwan a bayana, ina jin muryar Rifkatu a cikinsa tana ƙyalƙyala dariya, an ɗora ta a doki, an yi mata hoto. Sau biyu ta zo da jiƙaƙƙiyar riga tana jan hannuna, "Laraba, zo mana, ba ya cizo!" Na fizge hannuna.

Ranar da za mu taso Anti ta raka mu tasha riƙe da hannun Rifkatu, kuma ba a sa jakarta a jirgi ba. Baba ya yi wa Rifkatu 'yar nasiha, ya ce ta yi biyayya, ta riƙe addu'a. Ban iya kallon fuskarta ba. Takalmanta kawai na gani, sababbi, masu igiya.

To, na samu abin da nake so, na dawo wurin Mama. Amma wane gida na dawo? Katifar nan da muke faɗa a kanta kullum ta yi mini faɗi. Ranar surfe Mama ta ɗauko taɓarya biyu bisa sabo, ta tsaya, ta mayar da ɗaya bayan rumbu. Daka da taɓarya ɗaya ba ya da daɗin ji, tim, sai shiru, tim, sai shiru. A kan fa ni kaɗai nake tsaga citta, ba mai zaginta, sai kukan kurciya da ƙarar jirgi daga nesa. Hanyar rafi da muke yi ba mu sani ba ta koma mini tafiya. In na tashi ɗaukar bokiti sai na jira wata ta zo wucewa ta ɗora mini. A makaranta, da an kaɗa tara, 'yan ajinmu su zana 'yar gala-gala ko su baje duwatsun carafke, ni in jingina da bishiyar mangwaro, don dā Rifkatu ce ke jawo ni cikin wasa. Malam ya tsayar da ni gaban aji ya ce in ba su labarin Legas tunda ni ce na je. Suka tambaye ni launin teku, na ce ban tuna ba, amma yana ruri. Tun daga ranar wasu suka ce ƙarya ce, iyakacina Kaduna.

Wasiƙa takan zo bayan wata biyu ko uku, wani lokaci da hoto. Ga Rifkatu da yunifom, ga ta a bakin teku da Anti, ga ta gaban wani maɓuɓɓugin ruwa a tsakiyar gari. Kowane hoto tana murmushi, ni kuma in ɗauke shi in koma bayan ɗaki ina binciken fuskar, in ce wannan murmushin dole ne, an ce ta yi ne. Na tabbata tana kuka a ɓoye, kuma ni na jawo mata. A sujada in an zo roƙon gafara, wasu na tunanin naman da suka sata a tukunya, ni 'yar'uwata nake tunani. Ban gaya wa Mama ba, ban gaya wa fasto ba. Takan zo Kirsimeti bayan shekara biyu ko uku, yarenta ya yi tsauri, Hausarta ta cakuɗe da Turancin Legas. In ta zo ni ke wanke mata kaya, ni ke kai mata ruwan wanka, ba na barin ta taɓa taɓarya. Tana ce mini, "Ke kam ba kya hutawa?" Ba ta san biya nake yi ba.

Haka muka girma, ta yi karatun nas ta yi aure a can, na zama malama a nan. Sai shekara uku da suka wuce, da muka binne Mama. Baƙi sun watse, mu biyu muna bayan gida da rana muna kankare manyan tukwanen da matan zumuntar coci suka dafa abinci a ciki. Na ga in ban faɗa ranar ba, da wannan sirrin za a binne ni. Na ajiye soso, na gaya mata komai, tun daga famfon bayan kicin har ihun bakin teku. Na ce ta yafe mini. Ina magana hawaye na zuba cikin tukunya.

Rifkatu ta dube ni, sai ta fashe da dariya, irin dariyarta ta dā.

"Haba Laraba! Wannan ne kike ɗauke da shi shekara arba'in? Ai ni tun a gida na sani. Na ji Mama na gaya wa matar fasto. Sati biyu ina addu'a Allah ya sa ni za a zaɓa. Na gaji da citta, ke ba ki gaji ba?"

Na ce, "Ba ki yi kewata ba?"

"Na yi mana," in ji ta, tana ɗauraye hannu. "Amma kin san Legas, ba ta barin mutum ya zauna yana tunani."

Ta rungume ni da jiƙaƙƙun hannuwa, ta ce in daina shirme, ta shiga ciki amsa waya. Ba da mugunta ta faɗa ba, Rifkatu ba ta da mugunta. Na zauna a kan turmi ina jira in ji sauƙi, tunda an sauke mini kaya. Sauƙin bai zo ba.

A wancan zamani wasiƙa na yin sati biyu a hanya, amma kullum ina jin Rifkatu kusa da ni, don na yarda duk lokacin da nake kewarta ita ma tana can tana kewata. Yanzu ga waya a hannu. Kowace Lahadi bayan sujada takan kira, in ga fuskarta tar, ta nuna mini jikokinta, ta ce tsohon bakin tekun ma an cike shi da ƙasa an yi benaye, amma akwai sababbi masu kyau, in zo ta zaga da ni. In ce to, sai an yi hutu. Mu yi minti biyar, maganar ta ƙare, in kife wayar a kan tebur, gidan ya yi tsit. Ashe duk shekarun nan laifin ne ke taya ni zama.